Yadda muka sauke plafon da ruwa ya ci a gidanmu na Karkada

Tun bayan daminar 2024 mutum uku suka same ni da tambaya iri ɗaya, ta yadda za a yi da plafon (wato silin ɗaki) da ruwa ya ci, kowa da hoton plafon ɗinsa a waya, ya yi taswira ruwan ƙasa ko ya sako ciki. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru da mu daki-daki. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa riƙe cokalin gini ba. Gidan da muke haya a unguwar Karkada, cikin garin Damagaram (Zinder) a Nijar, ginin bulo ne da rufin kwano, falon kuma an yi masa plafon da plako, wato allon nan na farar ƙasa da ake matsewa tsakanin takardu biyu masu kauri. Wanda ya zauna a gidan kafin mu ya ƙara wani bango na plako ya raba falon gida biyu, a ɗan ɗakin da ya fita nan maman yara take ajiye keken ɗinkinta. Na ambaci wannan bango ne tun yanzu don shi ya fi ba mu wahala, alhali ban ma ɗauke shi a bakin komai ba.

Ruwan da ya yi mana ɓarna cikin dare ya sauka, a ƙarshen watan Agusta, ana tsakiyar malka. Rariyar tsakar gida ta toshe da ledoji da yashi, ruwa ya rasa hanya ya haura dokin ƙofa ya shigo falo. Na farka na sa ƙafa ƙasa sai na ji ni cikin ruwa har idon sawu. Muna ta kwarfewa da bokiti da kwanon sha, sai ga wani yana ɗiga daga sama, daidai wajen fitilar tsakiya. Kafin asuba mun kwashe na ƙasa, mun ɗora katifu da buhun gero a kan benci. Ƴan kwanaki bayan haka, a farkon Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya faɗi, gidajen ƙasa kuwa ba a magana. A irin wannan hali mutum kunya yake ji ya buɗe baki ya ce plafon ɗinsa ya yi tabo. Wannan kunyar tana cikin abin da ya sa na yi sakaci.

Abin da na fara yi shi ne kuskuren da nake roƙon kowa ya guje masa. Na buɗe tagogi na kwana uku, na shafa plafon da tafin hannu na ji ya bushe, sai na kira wani yaro mai fenti ya rufe tabon sama da na gindin bango. Jika 12 na kashe tsakanin fenti da ladansa. Ga ƴan uwa na Najeriya da za su karanta, jika ɗaya a nan sefa 1000 ke nan. Falon ya yi fes, har na yi wa maman yara gorin cewa da na bi ta tata da mun ɗebo wa kanmu aiki. Kwana takwas tsakani tabon ya dawo ta cikin sabon fentin, ya fi na da faɗi. Wani wari ya fara tashi irin na tufafin da aka naɗe da danshi aka manta a kwalla. Ƙaraminmu ya kama tari da dare, da rana idan yana waje lafiya lau. Sannan aka sake yin wani ruwa, da safe na ɗaga kai na ga plafon ya sako ciki kamar butar da aka cika, ɗinkin da ke tsakanin allo biyu ya tsage.

Ranar ce na fara yin abin da ya kamata in yi tun daren farko, na je wajen kwanta, wato mitar kuran (wutar lantarki), na sauke babban makunnin kuran na gidan gaba ɗaya, na kira mai gyaran wuta. Da ya kwance fitilar tsakiya sai ruwa ya tsiyayo daga cikin murfinta, kusan rabin kofin shayi. Ya dube ni ya ce, "Malam, da wannan kuke kwana kuna kunnawa? Allah ne ya tsare ku." Ya raba layin falo da na sauran ɗakuna, ya naɗe bakin wayoyin, ya kuma cire soket biyu da ke ƙasan bangon plako waɗanda suka fara tsatsa. Ya ce kada a maida wa falo wuta sai an gama aiki ya dawo ya duba. Zuwansa biyu da kayan da ya sauya sun ci jika 8.

Daga nan sai maganar wa zai biya. Wannan mataki na ga mutane da yawa suna tsallake shi, daga baya a yi ta rigima. Na ɗauki hoton komai kafin a taɓa, sama da ƙasa, na sa ma'aunin tela na maman yara a jikin bango don a ga inda ruwa ya kai. Alhaji mai gidan yana fatauci, sai da na yi kwana huɗu ina nemansa kafin ya zo. Da ya shigo ya ɗaga kai ya ce ai abu ne na fenti. Na ce, "Alhaji, fentin na riga na yi, ga sakamakonsa." Muka yi ta ja, shi yana cewa bangon tsakiya ba shi ya gina ba, ni ina cewa kwanon da ya yi yoyo dai nasa ne. A ƙarshe muka tafi wajen mai unguwa bayan la'asar. Muka zauna a zaure kusan awa ɗaya, don akwai waɗanda gidajensu suka rushe suna gabanmu. Da aka zo kanmu na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙara na kawo ba, shaida nake so." Ya saurare mu ya yanke cewa kwano da plafon da waya na mai gida ne, bangon tsakiya tunda ni ke amfana da shi nawa ne. Zan fitar da kuɗin, a riƙa cirewa daga haya. Na rubuta a takarda kwafi biyu, Alhaji ya sa hannu, na sa, mutum biyu suka shaida. Aka ƙara da cewa duk abin da na saya in karɓo rasiɗi.

Mai unguwa ya kuma ce in je a rubuta sunana cikin waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna. Na je ofishin da aka nuna mini da kwafin katin ɗan ƙasa da hotunan da na wanko. Na isa ƙarfe takwas, ban shiga ba sai bayan sha ɗaya. Matar da ke kusa da ni a layi ɗakunanta biyu ne suka zube, ita da jikokinta suna kwana a ajin makaranta. Ma'aikacin ya karɓi takarduna ya tambaya ko ginin ya faɗi, na ce a'a, ya tambaya ko muna kwana a ciki, na ce e. Ya rubuta, ya ce waɗanda suka rasa matsuguni su ne a gaba. Ban sake jin komai ba, ban kuma koma ba. Idan ɓarnarka iyakarta plafon, je ka a rubuta ka in kana da hali, amma kada ka dakatar da gyara kana jiran taimako.

Mai aikin plako wani abokin aikina ne ya haɗa ni da shi, dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin staf, wato plafon da adon ɗaki na farar ƙasa da ake zubawa da hannu, kafin plako ya yawaita a gari. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya zagaya falon da tsinin ƙusa a hannu. Inda allo yake lafiya ƙusar ba ta shiga sai an danna da ƙarfi, inda ya sha ruwa kuwa sai ta nutse kamar a tuwo. Yana tafiya yana zana da'ira da fensir, har ya wuce iyakar tabon da nake gani da kusan kamu biyu. Na ce, "Baba, nan ai fari ne tas." Ya ce fuskar ce fari, ruwa ta baya yake bi. Sai ya ce ba zai taɓa plafon ba sai an hau kwano, don wanda ya ɗinke riga bai kashe ɓeran da ya ci ta ba aikin banza ya yi. Washegari ya zo da wani mai aikin kwano. Abu biyu suka samu. Robobin da ke ƙarƙashin kan ƙusoshin kwano rana ta cinye su sun farfashe, sannan magudanar da ke bayan katangar rufi ta cika da ƙasa da ganyen dalbejiya, ruwa ya taru ya koma baya ta ƙarƙashin kwanon. Aka sauya ƙusoshin, aka yashe magudanar, aka buɗe bakin indararo. Jika 14. Sai muka jira ruwa na gaba don a gwada, ya zo bayan kwana uku, bai ɗiga ba.

Ranar saukewa mun kwashe komai daga falo, abin da bai fita ba muka lulluɓe shi da tamfol. Na tura yara gidan kakarsu a Garin Malam. Baba ya rataya leda a ƙofar da ke shiga ɗakin kwana ya manne gefenta, ya buɗe tagogin waje. Shi da yaronsa suka sa takunkumi da safar hannu, ya miƙo mini nawa, ya ce in nemo tabarau ko na masu kabu-kabu ne. Abin da ya fara yi ban taɓa tsammani ba. Bai finciko allon da ya sako ciki ba. Ya ajiye babban baho a ƙasa, ya kafa tsani a gefe, ba a ƙarƙashin kumburin ba, ya miƙa hannu ya huda daidai inda ya fi sakkowa. Da farko ɗigo ne, sai ya zama zare, ruwa launin shayi mai wari yana zuba tsuuu cikin baho. Ya ƙara huda biyu a gefe. Mun cika bokiti biyu da rabi, ruwan da ya kwana a can tun kafin a gyara kwano. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka lissafa nauyin da ke rataye a kan inda yarana suke shimfiɗa tabarma suna cin abinci. Sai da na zauna a bakin ƙofa na ɗan lokaci.

Bayan ruwan ya tsane sai ya bi layin fensir da wuƙar reza, yana yanka a hankali ba ya zurfafawa, saboda wayoyin da ke kwance a bayan allon. Ya lura ya tsaida kowane yanka a tsakiyar ƙarfen da ke riƙe da plafon, don sabon allo ya samu inda za a ɗaure shi. Inda ƙusoshin murɗawa suka yarda ya kwance su, inda suka yi tsatsa ya ɓalle allon gutsure-gutsure, yaron yana karɓa yana zubawa a buhu tun kafin ya taɓa ƙasa. Jiƙaƙƙen plako ba ya saukowa a dunƙule, marmashewa yake a hannu, takardar baya tana salɓowa. Tare da shi ƙurar shekaru ta zubo, da kashin jemage, da busasshiyar tsaka, da sheƙar ɓera. Allo huɗu aka sauke a falon da bai wuce mita 4 da 5 ba. Ƙarafan ba su lalace ba sai guda biyu da aka goge aka shafa musu maganin tsatsa. Da katako ne, in ji Baba, da sai an duba gara da ruɓa ɗaya bayan ɗaya.

Bangon tsakiya shi ne na so a bari. Ruwan bai wuce idon sawu ba, fentin da na sa kuma bai nuna komai ba sai ɗan kumburi a gindi. Baba ya ce plako yana shan ruwa ne kamar lagwanin fitila, yana jan sa sama. Ƙa'idar da ya sani ita ce a yanke aƙalla santimita 30 sama da inda danshi ya tsaya. Ya auna ya ga in aka yanke a santimita 60 daga ƙasa an wuce wannan iyaka, kuma tunda faɗin allo mita 1.20 ne, in aka tsaga shi biyu a tsaye zai shiga daidai ba asara. Ya ja layi da zare mai alli, ya yanka, ya ɓamɓaro yanki na farko ya juya mini bayansa. Fuskar da nake gani kullum fara ce, bayan kuwa baƙi ne da kore-kore, ɗigo-ɗigo kamar an watsa kanwa da toka, ga wani farin gashi-gashi a gindi. Funfuna ce. Takardar da ke jikin allon ita ce abincinta, kwana ɗaya zuwa biyu na danshi ya ishe ta ta fara, mu kuwa mun ba ta kusan mako uku, har na ƙara mata murfi da fenti. A cikin kwarin ƙarfen da ke kwance a ƙasa akwai ruwa tsaye har lokacin. Maman yara ta leƙo ta gani, ba ta ce mini komai ba, ta dai kalle ni. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi. Aka yanke fuska biyu na bangon, tsawon mita 4 kowace.

Buhu goma sha ɗaya na tarkace aka fitar. Wani maƙwabci ya ce a zuba masa a ƙofar gida ya cike kwari, Baba ya hana, ya ce farar ƙasa in ta jiƙe caɓi take zama, ga funfuna yara za su yi wasa da ita. Na ɗauki mai amalanken jaki ya kai juji a sahu biyu, jika 3. Aikin saukewar gaba ɗaya yini ɗaya ne, lada jika 15. Da yamma muka share, muka goge ƙarafa da bulo da daɓe da ruwan sabulu, sannan muka bi da ruwan javel (wato bilic) da aka sirka, kofi ɗaya cikin kofi goma na ruwa, tagogi a buɗe. A nan na kusa yin wani ganganci. Na ɗauko ruwan asid ɗin da muke wanke bayi da shi in ƙara don ya fi ƙarfi, yaron Baba ya riƙe mini hannu. Haɗa javel da asid iska mai guba yake tayarwa, a ɗaki rufe tana iya kayar da mutum. Javel ɗin ma a kan ƙarfe da siminti yake aiki, ba ya ceto allon da funfuna ta riga ta shiga cikinsa.

Sai jira, wanda shi ne mafi wuya. Baba ya ce ba zai rufe ba sai wurin ya bushe ƙarƙaf, ya kuma koya mini gwaji. A yanko leda fara kamar faɗin littafi, a manne ta a jikin bulo ko daɓe ta kowane gefe, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, da saura. Mai wuta ya ja mini waya daga ɗakin kwana muka kunna fanka biyu duk lokacin da akwai kuran. Mako na farko kullum leda da gumi. Falo ya zama kamar kango, ka ɗaga kai ka ga kwano, da rana zafi ya sauko kai tsaye. Baƙi suka zo yi mana jaje muka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Sau biyu na kira Baba ina cewa a rufe haka nan, ya ce, "Malam, kuɗinka ne, amma in na rufe yau kada ka neme ni da hunturu." Abin da ya taimake ni shi ne an ɗage komawa makaranta a shekarar zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, sai na samu lokacin tsayawa a kan aikin. A kwana na goma sha shida leda ta kwana ta tashi a bushe, muka ƙara kwana biyu don tabbatarwa. Tarin yaron kuwa ya lafa tun makon da aka fitar da tarkacen, ko da yake mun kai shi an duba shi an ba shi magani.

Sayen kaya mun zagaya shaguna uku a wajen kasuwar Dole. Allon da aka saba da shi kaurinsa milimita 12.5, tsawonsa mita 2.50. Na sayi huɗu na plafon a jika 8 kowane, da biyu masu koriyar takarda na gindin bango a jika 11 kowane. Koren an yi shi ne don wuri mai laima, amma mai shagon da kansa ya ce mini yana jure danshi ne kawai, in ya kwana cikin ruwa shi ma sai an cire. Ku duba gefen kowane allo kafin a ɗora a amalanke, mun mayar da guda ɗaya da ya sha laima tun a ma'ajiyarsu. Ƙusoshi da zaren ɗinki da garin shafe jika 9, fenti jika 13, ladan ɗorawa jika 25. Baba ya ɗaga sabon allon bango daga daɓe da kamar kaurin yatsa don kada ya sake tsotsar ruwan shara ko na ambaliya, aka rufe tazarar da ɗan katakon gindi. Soket ɗin ma mai wuta ya ɗaga su sama. Duka aikin ya tashi jika 141, ban da 12 ɗin da na zubar a fentin farko. Da muka zauna da rasiɗai, rabon Alhaji ya kama jika 100, aka riƙa cire 20 daga haya har wata biyar. Farashin nan na lokacin ne, ku tambaya da kanku.

Da za a maida ni daren farko, kuran zan fara kashewa kafin in taka ruwan nan. Da safe in ɗauki hoto, in nemi mai gida, in sa a hau kwano. Plafon da ya sako ciki ba zan bari kowa ya zauna ƙarƙashinsa ba ko na awa ɗaya. Ɗan tabon da ya bushe cikin yini ɗaya, allon yana nan da ƙarfinsa, ana iya barinsa a sa masa ido. Amma wanda ya yi laushi, ko ya kumbura, ko ya yi wari, ko ruwan titi da na kwata ya taɓa shi, yankewa ne kawai, kuma a wuce inda ido yake gani. Mai ciwon asma da mai ciki da ƙananan yara a nisanta su da wurin ranar aiki. Kuma duk mai aikin da ya ce zai sauke ya ɗora sabo a yini guda, ku tambaye shi yaushe wurin zai bushe.

Abu ɗaya na roƙi Baba ya ƙara wanda ba ya cikin ciniki, ya bar mini ƴar ƙofa a kusurwar plafon, daidai yadda kai da kafaɗa za su shiga. Bai karɓi komai a kanta ba. Da damina ta kewayo, bayan ruwan farko mai ƙarfi na kafa tsani na tura murfin na haska tocila. Na ga ɗigo ɗaya a bakin wata ƙusa can wajen gabas, ya jiƙa wuri kamar faɗin dala. Mai kwano ya zo da yamma ya sauya ta, na ba shi kuɗin shayi.